Sharhi: Gajiya, ƙarancin jini da kasuwar magungunan ƙarin kuzari a arewacin Bauchi

A duk shekara, daga watan Yuli zuwa Satumba, abubuwa uku kan haɗu a kan mazauna garin Hardawa da ke Ƙaramar Hukumar Misau da sauran garuruwan manoma na arewacin Jihar Bauchi, har zuwa Azare da ƙasar Katagum. Aikin gona yana kan ganiyarsa, hatsin bara ya ja baya a rumbu, sauro kuma ya yi yawa. A wannan lokaci ne koken gajiya da kasala yake yawaita a bakin jama'a, kuma a nan ne kasuwar masu sayar da maganinta take buɗewa. Akwai kwalaben ruwan ƙarin jini, akwai ƙwayoyin bitamin masu launi iri-iri, da lemukan gwangwani da ake tallata su da sunan ƙara kuzari, sai kuma ƙullin ƙwayoyi da 'yan talla ke haɗawa a leda suna kira maganin gajiya.

Tambayar da ta cancanci nazari ita ce: a cikin wannan tarin kaya, wanne ne yake amfanar jiki, wa yake amfana, kuma me ya sa wanda aka tabbatar da amfaninsa shi ne ya fi ƙarancin isa ga masu buƙatarsa?

Amsar tana farawa ne daga cikin ƙwayar halitta. Jikin ɗan Adam ba ya amfani da tuwo ko fura kai tsaye wajen motsa gaɓoɓi. Sai an narkar da abinci ya zama sukari da kitse, jini ya kai su ga ƙwayoyin halitta, sannan wasu ƙananan sassa da masana ke kira maitokondiriya su ƙona su da taimakon iskar oksijin, su fitar da sinadarin ATP. Wannan sinadari shi ne makamashin da zuciya ke bugawa da shi, tsoka ta ɗaga fartanya, ƙwaƙwalwa ta yi tunani. Jiki ba ya iya tara shi da yawa. A kowace rana mutum yakan samar ya kuma kashe abin da ya kai kusan nauyin jikinsa na ATP, ta hanyar sake sarrafa ɗan abin da ke akwai sau da dama. Masanin nan Hans Krebs ne ya bayyana babban sashe na wannan aiki a 1937, abin da ya sa ya samu lambar yabo ta Nobel a 1953.

Aikin yana buƙatar mataimaka. Bitamin B1 da B2 da B3 da B5 suna cikin matakan ƙona abincin. Sinadarin magniziyam yana riƙe da ATP kafin jiki ya iya amfani da shi. Bitamin B12 da folik asid su ake buƙata wajen ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Amma babban jigo shi ne sinadarin ƙarfe, wanda ake kira ayon, domin yana aiki a wurare biyu: yana cikin himogulobin da ke ɗauko oksijin daga huhu, yana kuma cikin sassan maitokondiriya da ke amfani da oksijin ɗin. Idan ya yi ƙaranci, iskar ba ta isa yadda ya kamata, wadda ta isa ɗin ma ba a cin moriyarta sosai. Shi ya sa mai ƙarancinsa yake haki idan ya yi 'yar tafiya, jiri ya ɗebe shi idan ya miƙe, zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri.

Daga wannan gaskiya ce masu talla suke gina hujjarsu: tunda jiki yana buƙatar waɗannan sinadarai domin samar da kuzari, to ƙara shan su zai ƙara kuzari. A nan ne hujjar take karyewa. Abin da bincike ya nuna shi ne ƙarin sinadari yana aiki ne idan akwai giɓin da zai cike. Babur ɗin da baƙin mansa ya ƙone zai farfaɗo idan aka zuba masa, amma wanda nasa yake cike ba zai ƙara gudu ba don an ƙara masa wani galan. Yawancin bitamin na rukunin B, idan suka wuce buƙata, fitsari ne yake fitar da su. Launin rawaya mai haske da wasu ke gani bayan sun sha ƙwayar, suna ɗauka alamar aiki ce, rarar bitamin B2 ce take ficewa.

Inda giɓin yake kuwa, sakamakon a bayyane yake. Wani gwaji da aka yi a Faransa, aka wallafa a 2012, ya ƙunshi mata 198 masu koken gajiya waɗanda ajiyar ayon ta jikinsu ta yi ƙasa, ko da yake ba su kai matakin ƙarancin jini ba. Bayan makonni 12, gajiyar waɗanda aka bai wa ayon ta ragu da kusan kashi 48 cikin 100, ta waɗanda aka bai wa ƙwayar da ba ta da magani kuma ta ragu da kusan kashi 29. Alƙalumman biyu duk abin lura ne. Na farko ya nuna ayon yana aiki ga mai ƙarancinsa. Na biyu ya nuna cewa ko ƙwayar banza aka bai wa mutum, ya yarda magani ce, zai iya jin sauƙi, kuma a kan wannan ne kasuwar maganin gajiya ta daɗe tana cin abinci. Tun a 1979 ma, wani nazari a kan ma'aikatan gonakin roba a Indonesiya ya nuna cewa masu ƙarancin jini ba sa iya aikin da takwarorinsu ke yi, kuma aikinsu ya ƙaru bayan an ba su ayon.

Sauran kayayyakin da ake yayi a birane, irin su ƙwayar CoQ10 da ake shigowa da ita da tsada, labarinsu daban ne. Sinadarin gaskiya ne, an gano shi a 1957, kuma yana aiki a cikin maitokondiriya. Sai dai jikin mai lafiya yana haɗa nasa da kansa, kuma hujjar cewa shan sa yana kawar da gajiyar yau da kullum ba ta yi ƙarfin da ta ayon ta yi ba. Ga manomin Hardawa ko mai ɗinki a Azare, ba nan matsalar take ba.

Matsalar tana cikin alƙalumman Binciken Ƙasa kan Al'umma da Lafiya na 2018. Binciken ya gano cewa kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna fama da ƙarancin jini. A tsakanin masu juna biyu adadin ya kai kashi 61, a tsakanin yara 'yan wata 6 zuwa 59 kuma kashi 68. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, duk ƙasar da adadin ya kai kashi 40 tana cikin matsala mai tsanani. Ma'ana, a cikin kowane mata goma da ke daka ko ɗebo ruwa ko cirar ciyawa a gona, kusan shida suna yin aikin ne da jinin da bai kai mizani ba. Da yawansu ba su san haka ba, domin an saba ɗaukar gajiyar mace a matsayin wani ɓangare na zaman gida.

Dalilan suna da yawa, kuma ba dukkansu ne ƙwaya take warkarwa ba. Abincin yau da kullum a wannan yanki gero ne da dawa da masara, da miyar kuka ko kuɓewa. Gero yana da ayon daidai gwargwado, wake da zogale da rama da yakuwa ma haka, amma ayon na tsirrai yana da wuyar shiga jini idan aka kwatanta da na nama da hanta da kifi, ga shi kuma hatsi yana ɗauke da wani sinadari da ke riƙe shi a hanji. Shayi mai kauri da ake sha tare da abinci ko nan take bayansa yana ƙara rage abin da jiki zai samu, yayin da lemun tsami da gwaiba da tumatir ɗanye suke taimakawa. Tsofaffin dabarun jiƙa hatsi da barin ƙullu ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa kamu da koko, suna rage wancan sinadari mai riƙewa. Hikima ce da iyaye mata suka gada tun kafin masana su bayyana dalilinta. Bitamin B12 kuwa ba a samun sa sai a abincin da ya fito daga dabba, wato nama da ƙwai da kifi da nono. Abin takaici shi ne gidaje da dama da ke kiwon kaji da awaki sayar da su suke yi domin sayen hatsi, ba su ci ba.

Bayan abinci akwai zazzaɓin cizon sauro, wanda ke fasa jajayen ƙwayoyin jini, kuma Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya. Akwai tsutsar ciki da ke tsotsar jini a hanji, da tsargiya a garuruwan da ke bakin koguna da fadamu. Akwai haihuwa kusa da kusa, wadda ba ta barin jikin uwa ya mayar da abin da ya rasa. Akwai kuma cutar sikila, wadda ake ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita duk shekara a ƙasar nan. Mai sikila yana da ƙarancin jini, amma ba lallai ne don rashin ayon ba. Wanda aka sha yi wa ƙarin jini a asibiti ma ayon ɗin taruwa yake yi masa fiye da kima, ya cutar da hanta da zuciya. Ba shi kwalbar ruwan ƙarin jini ba tare da gwaji ba na iya zama ƙarin cuta. Haka nan gajiyar da ta ƙi tafiya tana iya zama alamar ciwon sukari ko tarin fuka ko ciwon ƙoda ko hanta ko matsananciyar damuwa, kuma kowane wata da aka ɓata ana shan bitamin wata ne da cutar take ƙara kafuwa.

A fagen manufofin gwamnati, babban sauyin da ake ciki ya shafi mata masu juna biyu, kuma Jihar Bauchi tana tsakiyarsa. Shekaru da dama abin da ake bai wa mace a wurin awon ciki shi ne ayon da folik asid. Yanzu ana komawa ga ƙwaya guda da ake kira MMS, mai ɗauke da bitamin da ma'adinai 15, ciki har da ayon da folik asid da zinki da aidin da bitamin A da C da D da rukunin B. WHO ta sanya ta cikin jerin muhimman magunguna a 2021, a shekarar ce kuma Najeriya ta shigar da ita cikin ƙa'idojinta na yaƙi da ƙarancin sinadaran gina jiki. Ƙungiyar Nutrition International, tare da gwamnatin tarayya da ta jiha, ta gudanar da nazarin yadda za a aiwatar da sauyin a ƙananan hukumomin Dass da Ganjuwa da Giade. Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, shi ma yana tallafa wa samar da ƙwayar a jihohi. Wani abin lura shi ne Farfesa Muhammad Ali Pate, wanda aka naɗa Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a a Agustan 2023, ɗan asalin Misau ne, ƙaramar hukumar da Hardawa take ciki.

Hujjar sauyin tana da ƙarfi. Nazarin da ya tattara gwaje-gwaje daga ƙasashe masu tasowa ya nuna cewa MMS tana rage haihuwar jarirai marasa cikakken nauyi da kimanin kashi 12 cikin 100 idan aka kwatanta da tsohon tsari. Sai dai akwai wani batu da bai kamata a tsallake ba. Ayon da ke cikin MMS miligiram 30 ne, alhali WHO ta fi son a ba da miligiram 60 a wuraren da ƙarancin jini ya kai kashi 40 a tsakanin masu juna biyu, kuma Najeriya ta zarce wannan iyaka da nisa. Gwaje-gwajen ba su nuna cewa matan da suka sha MMS sun fi fama da ƙarancin jini ba, amma wannan magana ce ta rigakafi. Matar da ta zo awo jininta ya riga ya yi ƙasa, wato himogulobin ɗinta bai kai giram 11 ba, magani take buƙata mai ƙarfi fiye da haka. Gane ta kuwa sai da gwaji. Asibitin da ya samu kwalaben MMS amma ba shi da na'urar auna jini ko kayan aikinta zai riƙa sallamar masu lafiya da marasa lafiya da ƙwaya iri ɗaya.

Sai kuma batun sha. Binciken 2018 ya nuna cewa kashi 57 na mata ne suka je awo sau huɗu ko fiye, kuma kimanin kashi 31 ne kawai suka sha ayon na kwana 90 ko fiye a lokacin goyon ciki. Kwalbar MMS ƙwaya 180 ce, ta wata shida. Dalilan dainawa sanannu ne ga duk ma'aikaciyar lafiya a karkara: tashin zuciya, taurin bayan gida ko baƙinsa, nisan asibiti, rashin izinin maigida ko kuɗin mota, da tsoron da ya yaɗu cewa ƙwayar tana sa jariri ya yi girman da haihuwa za ta yi wuya. Wannan tsoro ba a kawar da shi da allon talla. Sai an zauna da mazaje da surukai da ungozomomi da limamai, an bayyana musu cewa haɗarin da ya fi girma shi ne mace ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, domin zubar jinin da mai cikakken jini za ta jure, ita tana iya halaka ta. Zubar jini bayan haihuwa yana kan gaba a cikin abubuwan da ke kashe mata masu haihuwa a Najeriya.

Masanan cikin gida ma suna neman mafita ga waɗanda ƙwaya ba ta isar musu. Wani gwaji da aka gudanar a asibitocin Kano da Legas a kan mata masu juna biyu fiye da 1,000, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Bosede Afolabi tare da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, ya kwatanta ba da ayon ta jijiya sau ɗaya da shan ƙwaya kullum. Sakamakon da aka wallafa a 2024 ya nuna cewa na jijiya ya fi cike ajiyar ayon a jiki, ko da yake bambancin yawan masu ƙarancin jini a ƙarshen ciki bai yi girma ba. Hanya ce mai amfani ga manyan asibitoci irin asibitin gwamnatin tarayya da ke Azare, amma tsadarta ta sa ba za ta maye gurbin ƙwaya a ƙananan asibitocin ƙauye nan kusa ba.

Yayin da ake wannan fafutuka a asibitoci, kasuwa tana tafiya da nata tsarin. Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, NAFDAC, ita ce ke yi wa kayan ƙarin sinadarai rajista, amma jama'a da dama ba su san cewa lambar hukumar a jikin kwalbar maganin gargajiya ba shaida ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta ba. A kan irin waɗannan kayayyaki doka ta wajabta a rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba, sai dai rubutun da Turanci yake, da ƙananan haruffa, mai talla da lasifika a kasuwa kuma ba ya karanta shi. Kayan da aka shigo da su daga waje ma ba su tsira ba: a Amurka, dokar 1994 ta ba da damar sayar da irin waɗannan ƙwayoyi ba tare da an fara tabbatar wa hukuma cewa suna aiki ba.

Mafi haɗari shi ne inda neman kuzari ya rikiɗe ya zama shaye-shaye. Ƙullin 'yan talla sau da yawa magungunan kashe ciwo ne aka haɗa, waɗanda yawan shan su ke ƙwarzane ciki har ya riƙa zubar da jini a ɓoye, wato maganin gajiyar da kansa yana jawo ƙarancin jinin da ke kawo ta. Tramadol kuma ya samu shiga tsakanin 'yan ƙwadago a gonaki da masu dako da 'yan acaɓa, saboda yana ɓoye ciwon jiki mutum ya yini yana aiki. Ba ya ƙara wa ƙwayar halitta komai. Kashe ƙararrawar gargaɗi kawai yake yi. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai Yaƙi da Miyagun Ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, miliyan 4.6 daga cikinsu da magunguna irin su tramadol da kodin. Lemukan ƙarin kuzari kuwa kafin ne da sukari. Suna ɗage barci na 'yan sa'o'i, bashin kuma yana nan jiki zai biya.

Duk wannan yana faruwa ne a lokacin da abinci ya yi tsada. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A shekarar ce ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shelar cewa cibiyarta ta kula da yara masu tamowa da ke Kafin Madaki a Ganjuwa ta cika ta batse. Idan kuɗi ya yi kaɗan, abin da ake fara cirewa daga tukunya shi ne nama da kifi da ƙwai, wato ainihin inda ayon mai sauƙin shiga jini da B12 suke. Kuɗin kwalbar ruwan ƙarin jini guda, da aka kashe shi a kan hanta da wake da ƙwai, ko a kan gwajin jini da na zazzaɓi, sau da yawa da ya fi amfani.

Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishiri tun 1993, da bitamin A a sukari da man girki da fulawa tun 2002. Tsarin ya yi tasiri, musamman na gishiri, amma yana da iyaka a gari irin Hardawa, inda iyali ke kai geron gonarsu injin niƙa, su yi amfani da man gyaɗar da aka matse a gida. Abin da aka ƙara a masana'antar Legas ba ya shiga wannan tukunya. Shi ya sa wasu masana suka karkata ga inganta irin shuka kansa. A 2018 Jamhuriyar Nijar ta fitar da irin gero mai suna Chakti, wanda cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta samar, mai ɗauke da ayon fiye da geron da aka saba, kuma mai saurin nuna. Ga yankin da fura da tuwon gero suke abincin safe da dare, wannan ya fi kusa da rayuwar jama'a fiye da kowace kwalba, muddin irin ya isa hannun manomi kafin saukar ruwan farko.

A 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin N-774, da nufin kai ayyukan gina jiki ga dukkan ƙananan hukumomi 774, ƙarƙashin kulawar ofishin Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima. A Misau da Katagum da Giade, za a auna shirin ne da abubuwan da ake iya ƙirgawa: asibitocin matakin farko nawa ne ke da na'urar auna jini mai aiki, wata nawa ne a shekara MMS da maganin rigakafin zazzaɓi na masu juna biyu suke yankewa, da kuma mata nawa ne cikin waɗanda suka karɓi kwalba suka shanye ƙwaya 180 ɗin. Majalisar Lafiya ta Duniya ta sanya burin rage ƙarancin jini a tsakanin mata da rabi zuwa 2025. Ba a cim ma burin ba, an ɗage wa'adin zuwa 2030.